Wankan Raguna a Lambun Kududdufi

Duk wanda ya taɓa zama da Nata'ala na Mandawari, ko da na tsawon shan kofin shayi ne, ya san babu sana'ar da bai iya ba. Shi da bakinsa zai faɗa maka. Ya iya gyaran agogo, ya iya ɗorin karaya, ya taɓa tuƙo tirela daga Agadas da baya-baya saboda giyar gaba ta lalace. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato daɗewa a wurin aiki. Duk inda aka ɗauke shi, kafin wata ya mutu za ka gan shi ya dawo dakalin ƙofar gida yana bayanin yadda masu wurin suka kasa gane basirarsa.

Tsakanin Mandawari da Zaitawa akwai wani tsohon kududdufi da 'yan unguwa suka gaji da sauronsa, suka haɗa ƙarfi suka cike shi, suka katange, suka shuka ciyawa da fulawa da 'yan dashen darbejiya, aka kafa lilo da abin zamiyar yara da bencin siminti. An rubuta masa wani suna mai daɗi a allon bakin ƙofa, amma har gobe kowa Kududdufi yake ce masa. A cikin birni, inda gida ke manne da gida, wannan ɗan fili shi ne wurin shan iskar jama'a, kuma ranar Sallah sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Shugabar kwamitin lambun ita ce Hajiya 'Yardada, tsohuwar shugabar makaranta. Ta daɗe da yin ritaya, amma har yanzu in ta kalli ƙato ta saman tabarau sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba.

Duk gabatowar Sallah kwamiti kan ɗauki ma'aikacin wucin gadi ya gyara wurin. Bana Babbar Sallah ta faɗo farkon damina, ciyawa ta tashi har gwiwa, aka rasa mai zuwa sai Nata'ala. Hajiya ta miƙa masa koriyar riga ta aiki da usur mai igiya, ta ce, "Malam Nata'ala, ka yanke ciyawa, ka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, ka zuba wa lilo mai, ka kula da baƙi. Zan tafi Zariya suna, sai jajibere zan dawo. In na tarar da lambun nan tsaf, aikin ya zama naka na dindindin. In na tarar da shirme, ka ajiye mini rigata."

Nata'ala ya daki ƙirji. "Ranki ya daɗe, ai kin ɗauko mai abin. Ni da na taɓa gyara lambun wani Balarabe har ya ce in zauna ya ba ni 'yarsa?"

"Ka ƙi?"

"Zafin ƙasarsu ne ba na so."

Da ya koma gida sanye da rigar, matarsa Baraka ta ajiye hular da take ɗinkawa ta dube shi sama da ƙasa. Baraka mace ce mai haƙuri, amma haƙurin ya fara tsufa. Da ɗinkin hular nan ta tara ta sayi ɗan rago, layyarsu ta farko tun da aka yi aure. Ɗan tsurut ne, ƙahonsa ya fi cinyarsa kauri, yana ɗaure a soro.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka riƙe wannan. Na gaji da in an tambaye ni aikin mijina in ce yana dubawa."

Ya ce, "Ki fara shirin zama matar manaja." Ya hura usur a tsakar gida har kajin maƙwabta suka watse.

Washegari ya jawo injin yankan ciyawa daga sito. Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari ya koma barci. Husaina mai tikiti, wadda ke zaune a ɗan ɗakin bakin ƙofa tun ranar da aka buɗe lambun, ta leƙo ta taga.

"Malam, ka bari a kira bakanike."

"Bakanike? Ni da na tayar da kan jirgin ƙasa da tsinken sakace?"

Ya kwance injin kaca-kaca a kan buhu, ya hure wannan, ya lashi wancan, ya mayar. Noti uku suka rage masa a hannu. Ya jefa su aljihu, ya ce masu ƙera injin don ado suka sa su. Ya ja igiya. Wannan karon injin ya tashi, tashin da bai taɓa yi ba tun da aka sayo shi. Ya yi wata irin ƙara ya zabura da kansa, Nata'ala na riƙe da hannunsa yana bin sa a guje yana kiran sunan Allah. Suka ratsa ta ƙarƙashin lilo, suka zagaya famfo, suka nufi bencin da Malam Hashim, malamin firamaren unguwa, yake zaune ya tuɓe takalmi yana duba jarrabawar yara. Malam Hashim ya ɗage ƙafafu sama. Injin ya haɗiye takalmin dama, ya tofar da shi gutsi-gutsi, ya gwabza wa bencin karo, ya saki baƙin hayaƙi, ya mutu mutuwar da ba farkawa.

Malam Hashim ya ɗaga takalmin da ya tsira. "Nata'ala, wannan fa? In yi ɗingishi da shi zuwa Idi?"

"Malam, ka gode wa Allah. Da wani ne ya riƙe injin nan, da ƙafar ya tafi."

Ya tura gawar injin bayan sito ya lulluɓe da buhu, ya ɗauko lauje. Daga hantsi zuwa azahar ya share wurin da bai fi shimfiɗar dadduma ba, ya yanke ɗan yatsa, bayansa ya ƙage. Ya dubi sauran ciyawar, ita ma ta dube shi. Nan ya hango kansa a kan dakali babu riga.

Yana shiga soro da yamma ya tarar da ragon Baraka ya cinye rabin tabarmar baƙi yana neman ƙari. Ya tsaya yana kallon bakin ragon yana aiki ba hutawa, ba fetur, ba noti. Nan take fuskarsa ta washe.

Bayan sallar la'asar ta washegari ya tsaya a ƙofar masallaci ya hura usur. Ya san ciwon kowa. A cikin birni babu wurin ɗaure rago. Wani nasa na soro yana tunkuyin baƙi, wani a kan bene, wani a banɗaki, sai an nemi izininsa a shiga. Ga tsadar harawa. Bana kuma 'yan unguwa raguna mota guda suka haɗu suka saya, farare tas, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Nata'ala ya ce, "Jama'a, kwamitin lambu, wato ni, ya buɗe masaukin raguna. Kowa ya kawo nasa ya ci ɗanyar ciyawa kyauta har jajibere. Za ku kawo rago, ku karɓi ɗan maraƙi."

Alhaji Mailafiya, babban ɗan kasuwar Kurmi, wanda ragonsa ya fi na kowa girma kuma ya riga ya fasa masa randa biyu, ya ce, "Kyauta ka ce?"

"Kyauta, Alhaji."

"To, ai magana ta ƙare."

Kafin magariba lungunan unguwa sun cika da kukan raguna. Da yake duk kamarsu ɗaya, kowa ya yi wa nasa alama. Alhaji Mailafiya ya zuba wa nasa jan galura a gadon baya. Malam Hashim ya yi wa nasa maki da jar tawada a goshi, kamar ya ci jarrabawa. Wani ya shafa bula, wani lalle a ƙafa, wani koren fenti a ƙaho. Ban da wannan kowa da kalar igiyarsa. Baraka ta so ta hana nata, Nata'ala ya yi ta rantsuwa zai dawo mata ya ninka, har ta gaji ta sake shi. Ba ta yi masa alama ba. Ta ce wannan ko a duhu ta shafa haƙarƙarinsa ta gane shi.

Husaina ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu. "Malam, Hajiya ta san da wannan?"

"Hajiya ciyawa ta ce a yanke. Ta ce da me?"

"Tikitinsu fa?"

"Ma'aikata ne. Ma'aikaci ba ya sayen tikiti."

Masu raguna na juya baya ya bi ragunan ɗaya bayan ɗaya yana kwance igiyoyin, ya tara su wuri guda, wai ma'aikaci ba ya aiki a ɗaure. Sannan ya hau benci ya yi musu jawabi: manya su kama daga gabas, ƙanana daga yamma, a haɗu a famfo. Ya hura usur.

Ragunan suka ratsa ciyawar ko kallonta ba su yi ba, suka faɗa wa fulawa. Ja, rawaya, ruwan hoda, duk wadda Hajiya ta ɗauko da hannunta ta dasa, kafin ya sauko daga benci ta zama tarihi. Ya kore su daga nan suka koma kan dashen darbejiya, mai ɗacin ma ba su bari ba. Ya shafa wa bishiyoyi farar ƙasa da safe, da rana suka goge ta da jikinsu. Ragon Alhaji ya gano lilo, ya tunkuye shi, lilon ya je ya dawo ya rama, aka wuni ana dambe.

Ana cikin haka wani ango mai jiran gado, Mikail, ya zo da amaryarsa Ikram da mai hoto, za su yi hotunan kafin biki. Nata'ala ya tare su da fara'a, don kula da baƙi na cikin aikinsa.

Ikram ta ce, "Malam, ina fulawoyin da muka gani wancan satin?"

"An ɗauke su gyara. Yanzu yayin hoto da dabbobi ake yi, ba ki gani a waya?"

Ya jera su, ya ce ango ya durƙusa ya miƙa mata fulawar roba da suka zo da ita. Mikail ya durƙusa, ya juya wa ragon Alhaji baya. Shi kuwa rago, da ya ga farin ƙato ya sunkuya a gabansa, ya ɗauka kiran faɗa ne. Ya ja da baya, ya taho. Mai hoto ya danna daidai lokacin da ango ya bar ƙasa. Wani ragon ya warce fulawar robar, ya tauna, ya tofar cikin ɓacin rai.

Mikail ya tashi yana dafe da ƙugu. "Wallahi sai na kai ƙara!"

Nata'ala ya leƙa hoton ya ce, "Ango, kafin ka kai, dubi nan. Wa ka taɓa gani ya yi hoton biki yana tashi sama?"

Babbar masifar ba ta iso ba sai da ragunan suka ƙare fulawa suka koma kan ciyawar dole. Dabbobin da suka saba da busasshiyar harawa da dusa, suka cika ciki da ɗanyar ciyawar farkon damina. Cikinsu ya ɓaci gaba ɗaya. Ba sai na tsawaita ba, mai karatu na iya cin abinci. Abin zamiyar yara dai ya ƙara santsi, benci ya daina zaunuwa, farare kuma suka koma wata kala da ba ta da suna. Husaina ta ɗaure hanci da mayafi, ta daina sayar da tikiti, don ta ce tana tsoron Allah.

Ranar jajibere da sassafe Nata'ala ya dubi ragunan, ya tuna masu su za su zo da la'asar, ga Hajiya na hanya. Wani mai hankalin da sai ya aika a kira kowa ya zo ya kwashi nasa. Nata'ala kuwa sai ya ga dama ce ta nuna bajinta. Ai ko a gida ana yi wa ragon layya wanka, shi zai yi wa na unguwa duka a haɗe. Ya jona tiyo a famfo, ya kwaɓa omo a baro, ya naɗe hannun riga, ya shiga kamawa yana dirzawa.

Husaina ta fito da gudu. "Malam! Alamomin!"

"Wane alamomi? Datti ne. Alhaji guda a ce ragonsa na yawo da jan baya kamar ɗan tashe?"

Galura ta bi ruwa, bula ta bi ruwa, makin Malam Hashim ya bi ruwa. Fentin ƙaho ya yi gardama, ya sa masa kananzir. Lalle ya ƙi fita, ya ɗauko ragowar farar ƙasar bishiyoyi ya shafe ƙafafun. Da ya ga ta yi kyau, sai ya bi sauran ma ya yi musu shafe ɗaya-ɗaya don kada wani ya ji an fifita wani. Zuwa azahar ga raguna a jere suna ɗigar ruwa, farare fat, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu, daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla.

Da la'asar masu raguna suka iso. Suka tsaya a bakin ƙofa suna ƙare wa ragunan kallo.

Alhaji Mailafiya ne ya fara magana. "Nata'ala, ina jan bayan?"

"Na wanke maka, Alhaji. Ba sai ka biya ba."

"To wanne ne nawa?"

Nata'ala ya dubi garken. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Amma bakinsa bai saba jiran kansa ba. Ya ce, "Ai kowa ya san nasa. Mutum ya manta ragonsa?"

Ashe kuwa kowa ya san nasa, kuma na kowa shi ne babban. Mutum goma sha wani abu suka yi kan rago guda. Alhaji ya kama ƙahon dama, wani tela ya kama na hagu, Malam Hashim ya riƙe jela.

Alhaji ya ce, "Malam Hashim, ka ji tsoron Allah! Da albashin firamare ka sayi wannan?"

"Ya yi ƙiba ne, Alhaji. Ba an ce za mu karɓi ɗan maraƙi ba?"

Tela ya ce, "Ku duba idonsa, ni yake kallo!"

"Yana kallonka ne don ka murɗe masa kunne!"

Aka koma kan tarin igiyoyi, kowa ya zari tasa, amma igiya ba ta faɗin wuyan da ta fito. Hayaniya ta kai har titi, mata suka leƙo ta kan katanga, masu wucewa suka shigo kallo ba tikiti. Can wani ya ce a kira Bappa Ikrima, ai Bafulatani ne, kiwo a jininsa yake, kallo ɗaya zai yi ya raba gardama. Aka je aka taso dattijon daga barcin rana, ya zo da jarida a hammata.

Bappa ya ce, "Jama'a, kakana ne ya yi kiwo. Ni fayil na yi kiwo a ofis har na yi ritaya. Ko kaza ban taɓa riƙewa ba."

Aka ce ai jini ba ya ɓata, ya dai gwada. Bappa ya gyara tabarau, ya matsa a ɗarare, ya lalubo kalma guda ta Fillanci da ya tuna kakarsa na faɗa in tana kiransa. Ya ce, "War!" wato zo. Babban ragon ya fizge daga hannun masu riƙe da shi, ya sunkuyar da kai, ya zo. Ba wanda ya san Bappa na da sauran gudu a jikinsa sai ran nan. Ya haye matakalar abin zamiya kamar ɗan shekara bakwai, ya zauna a ƙoli, santsi ya kwaso shi ya dire shi a gaban ragon, ya sake zagayawa ya haye. Sai da ya yi zagaye uku kafin ya samu ya maƙale a sama yana salati.

Jama'a suka juyo kan Nata'ala. Ya ga idanu sun yi ja, ya ga Alhaji na naɗe hannun babbar riga. Ya yi tsalle ya hau benci ya hura usur.

"Ku saurara! Abu mai sauƙi kuke wahalar da kanku. Dabba ta fi mutum sanin gida. A buɗe ƙofa, kowane rago zai tafi gidan ubangidansa da ƙafarsa. Kowa ya je ya jira a soro."

Husaina ta baje hannuwa a jikin ƙofa. "Malam, ragunan nan baƙi ne a garin nan! Yaushe suka zo da za su san gida?"

"Ke tikiti kika sani. Matsa."

Ya zare sakata, ya wangale ƙofa, ya zagaya bayan garken ya cika kumatu ya hura usur da duk ƙarfinsa. Daidai lokacin adaidaita sahu ta tsaya a bakin ƙofar, Hajiya 'Yardada ta sako ƙafa, sanye da sabuwar baƙar abaya, ko gida ba ta biya ba don ɗokin ganin lambunta.

Ragunan suka fito kamar an ɓalle ruwa. Suka rabu biyu suka ratsa ta gefenta, kowanne na goga mata farar ƙasarsa, na ƙarshe ya rataye jakarta a ƙaho ya wuce da ita. Ko ɗaya bai nufi gidan kowa ba. Suka miƙe hanyar Jakara, suka nufi Kurmi, a bayansu dattawan unguwa riƙe da igiyoyi, manyan riguna na tashi, duk suna bin babban suna ihun a tare musu ragonsu. Malam Hashim na ƙarshe, don silifas ɗin aro ne a ƙafarsa. Aka ce sai bayan magariba aka gama kamo su, wani a rumfar masu tabarmi, wani a cikin shagon mai turare, kowa wanda hannunsa ya kama shi ya ja gida. Alhaji Mailafiya ya dawo da wani matsakaici mai tari. Babban kuwa tela ne ya samu.

A lambu, Hajiya ta shigo a hankali, abayarta ta koma zane-zane fari da baƙi. Ta dubi inda fulawa take a da. Ta dubi dashen darbejiya da suka zama tsinke. Ta ɗaga kai ta ga Bappa Ikrima a ƙolin abin zamiya, ya gaishe ta, ta amsa. Ta leƙa bayan sito, inda raguna suka cinye buhun suka bar gawar injin a fili. Nata'ala na bin ta a baya yana murza hula.

"Ranki ya daɗe, in kika duba da kyau, taki dai an samu. Baɗi fulawar da za ta fito..."

Ta ɗaga masa hannu. Can kusurwar yamma ta hango wani wuri da ciyawarsa ta kwanta lif, gajeriya, daidai wa daida, kamar an bi ta da almakashi. A tsakiyar wurin ɗan ragon Baraka ne. Ba wanda ya yi gardama a kansa, ba wanda ya ja shi, gudun ma bai bi ba. Tun ranar da aka kawo shi manyan suka hana shi fulawa, ya koma gefe ya duƙufa, har yanzu bai ɗago kai ba.

Sai ga Baraka ta shigo da igiya a hannu, labari ya riga ya kai mata. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ko inda mijinta yake ba ta kalla ba.

Hajiya ta ce, "'Yata, wannan naki ne?"

"Nawa ne, Hajiya. Ku yi haƙuri."

Hajiya ta juya ta kalli Nata'ala ta saman tabarau. "Na yi alkawari duk wanda ya gyara mini ciyawa zan riƙe shi dindindin, ni kuwa ba na saɓa alkawari. Cikin ku biyu, na ga wanda ya yi aiki. Tuɓe rigar. Kawo usur."

Ya tuɓe, ya miƙa. Ta rataya wa ragon usur a wuya, ta ce da Baraka, "In kin yarda ki fasa yanka shi, a ɗaure shi da doguwar igiya nesa da fulawa, kullum a matsar da turken. Abin da za a ba mai yankan ciyawa duk wata, ke za a ba."

Nata'ala ya zabura. "Baraka, layyar fa? Naman fa? Na riga na yi wa mutane alkawarin cinya!"

Baraka ta dubi ragon, ta dubi mijinta tsaye da singileti. Ta ce, "Hajiya, na yarda. Layya Allah ya kai mu baɗi. Na daɗe ina roƙon Allah ya ba wani a gidanmu aiki, ban dai faɗi suna ba."

Ranar Sallah, kafin kowa ya sa wuƙa, sai da limamin unguwa ya tara mutane ya ce kowa ya yafe wa kowa ragonsa, aka yafe, Alhaji Mailafiya a ciki-ciki. Unguwa ta ɗauki ƙamshin suya. Nata'ala na zaune a dakali yana haɗiyar yawu, yana ba yara labarin yadda shi da kansa ya ajiye aikin saboda hassada, sai Baraka ta leƙo ta miƙo masa kwanon dusa.

"Malam, tashi ka kai wa mai aikin gidan nan abincinsa. Tun safe ya fita."

Ya karɓa ya tafi. A bakin lambu layi ya yi tsawo, don labari ya zaga gari, kowa na so ya ga ragon da ya samu aiki. Ya ratsa zai shige, Husaina ta miƙo hannu ta taga.

"Tikiti, Malam."

"Haba Husaina, ni ne fa!"

"Na gane ka. Ma'aikata ne ba sa saye, kai ka faɗa."

Nata'ala ya koma ƙarshen layi rungume da kwanon dusa. Ya taɓa kafaɗar mutumin da ke gabansa, ya nuna masa ragon ta cikin ƙarafan ƙofa, yana kiwo da usur a wuya.

Ya ce, "Ka ga wancan? Ni na koya masa aikin."